Shekarar da Shamuwa Ta Makara

Masana tarihi sun cika littattafai da dalilan faɗuwar dauloli, amma har yau ban ga wanda ya ambaci shamuwa ba. Ni kuwa a kan idona ta kayar da ɗaki guda.

Shekarun baya, a bazarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, zafi ya sauko mana tun sanyi bai gama sallama ba. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare, kullum in dawo gida Goron Dutse rigata kamar an tsamo ta daga rijiya. Ruwan randa ma ya yi ɗumi. Kowa a lungunmu jira yake yi: maza sun kewaye rediyo suna jiran sabuwar gwamnati, mahaifiyata tana jiran shamuwa.

Gidanmu na ƙasa ne, rufin soro. Duk shekara sai an yi masa yaɓe kafin damina, in ba haka ba ruwa ya cinye rufin. Marigayi mahaifina yana da ƙa'ida: ba ya kiran magini sai ya ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bayan gida. Wai yaɓen wuri rana ce take tsattsaga shi, shamuwa kuwa ba ta zuwa sai ruwa ya kusa. Da ya rasu, mahaifiyata ta gaji ƙa'idar tare da ɗakin da ya gina mata.

Wata la'asar na ga hadari ya leƙo ta gabas ya koma. Na ce, "Inna, a kira magini. Shekarun nan damina ba ta bin tsari."

Tana ta fifita, ko kallona ba ta yi ba. "Ta zo?"

"Ba ta zo ba. Amma a littafi..."

"To Malam, littafin ne zai hau soron? Ubanka bai san taswira ba, amma ɗakin nan bai taɓa yoyo ba."

Na kai ƙara wurin abokina, mai shagon turare a kasuwar Kurmi. Ya yi dariya har da tari. "Kai mai koya wa 'ya'yan mutane iskar da take tasowa daga teku, tsuntsuwa ta fi ka ƙuri'a a gidanku? Ka ce mata ka gan ta mana!"

Shawarar ba ta da laifi, sai dai tsohuwar da kanta take fita duba tsamiyar kowace safiya. Tun ina yi mata dariya har na koma ni ma ina ɗaga kai, da digirina da komai, ina leƙen reshe.

Soja suka cika alkawari suka tafi. Shamuwa shiru. Zafin ya kai inda gardama ma aiki ce, na zuba ido.

Ruwan ya zo wata rana bayan azahar, ba sallama. Yara suna tsalle a lungu, mu muna jera kwanoni a ɗakin Inna. Ƙasar da rana ta farfasa ta toshe indararo, ruwa ya kwanta a saman soron. Da ƙyar na janyo ta waje, tana cewa in bari ta ɗauko carbinta. Kafin magariba azara ta karye, kusurwar rufin ta zauna daram a kan gadonta.

Ta daɗe a tsaye tana kallo, mayafinta jagab. Can ta ce, "Ruwan nan ya yi gaggawa."

Shamuwar ta iso bayan mako guda, ta sauka a kan tsamiyarta, hankalinta kwance.

Muka rufa ɗakin da kwano. Inna ta kwana ɗaya a ciki ta ce wannan tanda ce, ta mai da tabarmarta ɗan ɗakin da muke ajiye hatsi. Ba ta ƙara kwana a ɗakinta ba har Allah ya karɓi abarsa.

Na daɗe ina ganin taurin kai ne. Sai da na fara furfura na gane ba tsuntsuwa take jira ba. Maganar mijinta take so ta ƙara fitowa gaskiya, ko da sau ɗaya. Ni ma yanzu ba ni da soron da zan yaɓe, amma da zafi ya kankama sai in tsinci kaina ina duban tsamiyar.

Bana shamuwar ta zo da wuri. Wata guda ke nan, ko ɗigon ruwa ba a yi ba.