Ɗakin Hajara

Ina zaune a bakin shagon littattafan Mukhtaru, kusa da ƙofar Harami ta Babus Salam, zafin Makka ya gama kashe mini jiki, sai ga wani tsoho yana jan ƙafa, alhazai na biye da shi. Ɗan rakiyar ziyara ne. Jallabiyarsa ta koɗe, muryarsa ta dushe saboda faɗin abu ɗaya kullum. Hausarsa ta Sakkwato ce, amma Larabci ya cinye rabinta. Ina jin da ƙafa ya zo yana saurayi, komawa kuma ta gagara.

Yana nuna musu tsofaffin ginshiƙai da sandarsa, ko kai ba ya ɗagawa. A tsallaken hanya, inda ake rushe gidaje don faɗaɗa Harami, sai ya tsaya gaban wani guntun bango mai shuɗin tayil. Ya dafa shi, ya daɗe a haka.

"Baba, nan kuma ina ne?" in ji wani alhaji.

"Ɗakin Hajara," ya ce a hankali.

"Allahu Akbar! Nana Hajara!" Nan da nan suka rufe bangon, suna ta addu'a, har da mai hawaye.

Mukhtaru ya raɗa mini: "Miskin. Hajarar nan matarsa ce fa, nan ne ɗakinta. Bara ta rasu."

Tsohon ya buɗe baki zai gyara musu, sai ya fasa. Ya jingine sandarsa, ya ɗaga nasa hannayen, yana cewa amin.