Inna Mai Kula Ta Ajiye Kularta

Ƙarfe bakwai na safe za ka same ta a bakin ɗakin haihuwa, riƙe da shuɗiyar kularta cike da ƙanƙara, takardun neman izini a hammata. Shi ya sa kowa ke ce mata Inna Mai Kula. Aikinta ta roƙi mai jego ɗan yankin mabiyiya, ta haura da shi ɗakin bincike a hawa na uku kafin minti talatin, don in ya wuce haka ya lalace. Shekara ashirin da shida tana wannan hawa da sauka. Jiya ta yi ritaya.

Abin da Farfesan ɗakin binciken da ɗalibansa ke nema a wannan 'yar tsoka abin mamaki ne. Tun zamanin da can, wata ƙwayar cuta ta shiga jikin kakanninmu ta bar gadonta. Sinadarin furotin ɗin da take manne wa ƙwayoyin jiki da shi don ta kutsa, shi ne yau yake haɗe ƙwayoyin mabiyiya su zama shimfiɗa ɗaya, wadda ta cikinta abinci ke isa ga ɗan tayi. Suna binciken siffarsa, da yadda ta sauya, da ko yana da hannu a jijjigar masu ciki.

Wata ungozoma ce ta ba mu labarin ranar da wata mai jijjiga ta haihu da ƙyar, uwarta ta tare ƙofa.

"Ba mai taɓa komai! 'Yata ta sha da ƙyar, ku kuma kun zo da wuƙa?"

Inna ta san lokaci na tafiya, amma ta ajiye kula ta zauna kusa da uwar, ta ce:

"Yaya, ƙanwata wannan ciwon ne ya ɗauke ta, da cikin wata takwas. Har yau ba wanda ya gaya mini dalili. Dalilin muke nema. In kun ce a'a, wallahi babu komai."

Sai mai jegon ta ɗago kai. "Mama, ki bar ta. Ni ma ina son in sani."

Inna ta isa sama tana haki, saura minti biyu. Wannan yankin na cikin waɗanda wata ɗaliba ta yi digirinta na uku a kansu. Da ɗalibar ta zo ba ta haƙuri cewa babu sunanta a rahoton, dariya Inna ta yi: "'Yar nan, ku dai sa a gyara lif ɗin hawa bene!"

Inna, ke ce ba ki taɓa ɗaukar tsoka ba sai da yardar mai ita. Ke ce kike komawa washegari ki duba jikin mai jego, alhali ba ya cikin aikinki.

Mun gode, Inna. Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwoyin nan lafiya. Wanda duk zai gaje ki, ya fara koyon zama kusa da mutane kafin ya koyi gudu.