Ranar da Dije Ta Je Yin Rajista

Duk wanda ya yi aikin reluwe a Kaduna a shekarun hamsin ya ci wainar Dije. Rumfarta na bakin hanyar Makera, tanda biyu da tukunyar miyar taushe. 'Yar Ikara ce, ta biyo mijinta Garba mai gyaran layin dogo.

Ta dalilin Garba ta san siyasa. A zaɓen hamsin da ɗaya an tara maza masu biyan haraji a fili, aka ce kowa ya tsaya bayan wanda yake so, ido na ganin ido. Garba ya tsaya bayan Malam Sani tela, ɗan jam'iyyar adawa, suka kuwa yi rinjaye. Amma dokar lokacin ita ce wanda aka zaɓa ya je ya zaɓi wasu, su ma su zaɓi wasu. Kafin a kai sama, ko ƙanshin Malam Sani babu. Dije ta ce wannan ai kamun koko ne aka yi ta tacewa har ya koma ruwa.

Mai gidan da suke haya ya ga inda Garba ya tsaya. Cikin mako guda aka fito musu da kayansu, ana tsakiyar damina. Bayan shekara huɗu Garba ya rasu da ciwon ciki.

Dije ba ta saki jam'iyyar ba. Ita ke dafa abincin taro, ita ke tattaro mata a yi guɗa. Da aka kawo akwati da ƙuri'ar sirri, rumfarta ta zama makaranta. Tana juya waina tana koya wa maza: "Kai kaɗai za ka shiga. Ka duba alama, ka jefa takardarka. Ba mai ganinka sai Allah." Da aka buɗe masaƙa a Kakuri, samari suka cika unguwa, ba a san iyakar waɗanda ta jawo cikin jam'iyyar ba.

A hamsin da tara aka yi shela cewa yanzu ba sai da takardar haraji ba, shekara ashirin da ɗaya ta isa. Maƙwabciyarta Celina, mutuniyar Gabashin Nijeriya, ta taɓa gaya mata cewa a garinsu mata na jefa ƙuri'a. Dije ta ɗaura zanenta na salla, ta ja mata tara, har da Celina, suka nufi wurin rajista.

Akawun da ke zaune a tebur Nicholas ne, mutumin Zonkwa, wanda kullum yake karyawa a rumfarta. Da ya hango su sai ya sunkuyar da kai.

"Rubuta, Dije Garba," in ji ta.

"Iya, maza kawai aka ce."

"Ai na ji an ce baligi."

"Baligi namiji, Iya. A nan Arewa haka dokar take. Ko Celina ba zan rubuta ta ba."

"Wanda ke gabana fa? Jiya ni na nuna masa yadda ake riƙe takardar."

Wani a layi ya ce, "Ku matsa mana, rana na yi." Maza suka yi dariya, har da waɗanda suka ci wainarta da safen nan.

Daga nan shagon Malam Sani ta wuce, don shi ne yanzu shugaban jam'iyya na unguwa. Bai ko tsayar da keken ɗinkinsa ba.

"Ki yi haƙuri, Dije. In mun ci za mu gyara."

"Malam, ka sani tun farko?"

"Kowa ya sani. Na zaci kin sani."

Abin da ya fi yi mata ciwo ya zo bayan mako biyu. Za a tafi babban taro a Tudun Wada, aka ɗauko a-kori-kura guda. Dije da matanta sun riga kowa hawa. Malam Sani ya zo ya ce su sauko, wurin na ma'aikatan masaƙa ne, tunda su ke da ƙuri'a. Amma tukwanen abincin su bar su a ciki.

Ta sauko. Ta sauke tukwanenta ɗaya bayan ɗaya, ta raba wa matan abincin a bakin titi.

Ranar zaɓe ta buɗe rumfa kamar kullum. Layin masu jefa ƙuri'a ya kawo har gabanta, tana kallo tana juya wainarta. Jam'iyyar ta faɗi. Daga baya ta ji wai Malam Sani na cewa mata ne suka yi sanyi, ba su tura mazansu ba.

Tun daga nan, in aka ɗauko hirar siyasa a rumfarta, sai ta ce, "Ku ci ku tashi, akwai masu jiran benci."