Tanderun Yayar Sanata

Kafin ƙaninta ya zama sanata, Mai Burodi ake ce mata, kuma sunan ya ishe ta. Gidan burodinta yana ƙarshen layin da ya gangara tashar mota. Ɗaki biyu ne da rumfa: ɗaya na kwaɓi, ɗaya na tanderu, a rumfar kuma ake jera burodi kan katako ya sha iska kafin a sa shi a leda. Tanderun na bulo ne, da itace ake hura shi, mijinta da wani magini suka gina shi tun tana goyon 'yarta ta fari. Bangon da ke kusa da shi ya yi baƙi ƙirin, kwanon rufin ma haka. Ita kanta tari ya zame mata abokin safiya, amma ba ta taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

Ita ta riƙe ƙanin nata kamar ɗan cikinta. Mahaifiyarsu ta rasu yana firamare, ita kuma bai fi wata biyu da kai ta ɗakin miji ba, sai ta je ta ɗauko shi da 'yar jakarsa. Auta take kiransa, har yau ɗin nan. Mutum ne mai gardamar tsiya tun yana ƙarami. In ta ce ruwa zai sauko, sai ya tambaye ta wa ya gaya mata. Da gardamar ya karanci shari'a, da ita ya yi aikin lauya, ita ce kuma ta ja shi cikin siyasa.

Ranar da aka ce ya ci zaɓe, layin ya kaure da ihu da hon na babura. Ita kuwa ta shige ɗakin kwaɓi ta zauna a kan buhun fulawa. Mijinta, tsohon direban babbar mota da ciwon baya ya zaunar a gida, ya leƙo ya same ta.

"Gari na ta murna, ke kin zo kin ɓuya kamar wadda aka kayar?"

"Tsoro nake ji," ta ce. "Kada yaron nan ya je ya koyi ƙarya da girmansa."

Daga ranar sunanta ya koma Yayar Sanata, sunan kuma ya zo mata da kaya. Mutum zai shigo ya ce a ba shi burodi ɗaya, ya tsaya yana juya ledar a hannu, sai can ya ce ɗansa ya gama karatu ba aiki. Wata ta ce kwata ta cinye musu katanga. Wani ma so yake a mayar da matarsa da ta yi yaji. Ta gaji da cewa ofishin sanata na nan bayan gidan waya, a buɗe yake, akwai masu sauraro. Ba wanda ya yarda. Kowa ya ɗauka ƙofar gaskiya tana ɗakin kwaɓinta.

Sai kuma Mai Shayi. Shi ne babban mai sayen burodinta, teburinsa na bakin tasha, rediyonsa ba ya mutuwa. Duk abin da aka yi a majalisa, a bakinsa take fara ji, tun kafin ta gama ƙirga masa burodinsa cikin kwando.

"Yayar Sanata, jiya ɗanki ya kyauta, ya tsaya wa malaman makaranta."

Ko kuma, fuska a murtuke: "Jiya dai ɗanki ya bi 'yan jam'iyyarsa kamar raƙumi da akala."

A haka, ba don tana so ba, ta san duk inda Auta ya jefa ƙuri'arsa. Ya goyi bayan ƙara wa malamai albashi. Ya ƙi ƙarin harajin man fetur, har aka yi ta yi masa surutu a jam'iyya. Amma da aka zo maganar saya wa sanatoci sababbin motoci, hannunsa yana cikin na masu cewa e. Ranar ta kira shi a waya.

"Auta, motar da kake hawa ta mutu ne?"

"Yaya, ba haka abin yake ba. Motocin aikin kwamiti ne, ba namu ba."

"To kwamitin ne zai zauna a ciki ko kai?"

Ya fara jero mata bayani, ta ce masa burodinta zai ƙone, ta kashe wayar.

Babbar maganar ta zo ne a shekararsa ta uku. Aka kawo ƙudurin hana hura tanderun itace a cikin gari, saboda hayaƙi da kuma sare itatuwa. Kowane gidan burodi ya koma gas ko lantarki kafin shekara ta ƙare, in ba haka ba a rufe shi. Auta bai tsaya ga jefa ƙuri'a kawai ba, sai da ya miƙe ya yi dogon jawabi yana goyon baya, aka nuna shi a talabijin yana nuna sama da yatsa. Ƙudurin kuwa ya wuce, ya zama doka.

Washegari Mai Shayi ya zo, ko gaisuwa babu. Ya tsaya yana kallon tanderun, sannan ya kalle ta.

"Yau dai ba ni da abin cewa," ya ce. Sannan ya yi kusan rabin safiya yana faɗa.

Abin mamaki, sauƙi ne ya fara zuwar mata. Masu neman alfarma suka ɗauke ƙafa ɗif. Labari ya zaga cewa wanda ya iya rufe tanderun yayarsa, ba zai ba ɗan wani aiki ba. Masu shigowa suka koma sayen burodi su fita. Da rana ta sami damar shimfiɗa tabarma a rumfa ta miƙe ƙafa, abin da rabonta da shi tun ranar zaɓe. Mijinta ya ce ai da ya san haka, da shi da kansa ya kai ƙudurin majalisa.

Amma tanderun yana nan, wa'adi kuma yana matsowa. Tanderun gas ba abin da mai ƙaramin gidan burodi zai saya da cinikin 'yan watanni ba ne. 'Yan ƙungiyar masu burodi suka zo suka cika mata rumfa, suna roƙon ta yi masa magana a gida, cikin sirri. Shi ma Auta ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yaya, kada ki sa damuwa a ranki. Zan aiko a kafa miki na gas."

"Ni kaɗai ce mai tanderu a mazaɓarka?"

Kafin ya amsa, ta ɗora.

"Na ji an ce za ka zo taron jin ra'ayin jama'a. To zan zo. A can za mu yi magana."

A babban ɗakin taro na makarantar sakandare aka yi shi, da yamma, fankoki biyu suna juyawa, sauran sun mutu. Wani ma'aikacin ofishin sanata ya gan ta ya rugo zai kai ta kujerar gaba, ta ce ya bar ta. Ta zauna a benci cikin masu burodi, gwiwoyinta suna gugar bencin gaba. Auta yana kan dandamali, ya cire hula saboda zafi, sai ta ga ashe furfura ta kama shi. Aka yi maganar hanya, aka yi ta ruwan famfo, wani tsoho ya karɓi abin magana ya ƙi saki. Duk wannan lokacin hankalinta ba a kwance yake ba. Ba rufe tanderun take tsoro ba. Ta ga yadda manya ke yi a irin wannan wuri: a yi murmushi, a ce ba a fahimci dokar ba ne, a ce ai ana dubawa. Idan Auta ya yi haka a gaban maƙwabtanta, ba ta san da wane ido za ta sake kallonsa ba.

Da abin magana ya iso hannunta, ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, Sanata."

Ɗakin ya fashe da dariya. Auta ya sunkuyar da kai.

"Yaya..."

"A nan ba yayarka ba ce. Mai burodi ce." Ta jira dariyar ta lafa. "Tambayata gajera ce. Kai ka goyi bayan a rufe mana tanderu? In kai ne, don me? Kuma kafin ka ɗaga hannu, akwai mai burodi ko ɗaya da ka tambaya?"

Ya miƙe ya zagayo gaban tebur.

"Ni ne," ya ce. "Na goyi baya, kuma in aka sake kawo shi gobe zan sake goyon baya."

Aka ɗauki guna-guni. Mai Shayi daga can baya ya ɗaga murya: "Kun ji ko! Ko kunya babu!"

Auta ya jira. Ya ce likitocin ƙirji sun zo gaban kwamitinsu sun faɗi irin mutanen da ke cika musu gadaje, kuma shi ba ya buƙatar likita ya gaya masa, don a gefen tanderu ya girma, duk sanda ya kira waya da safe yana jin tarin da ke amsa masa. Ya ce itatuwan da ake lodowa a motoci ba sa dawowa.

"Tambaya ta uku kuma," ya ce, "ban tambayi kowa ba. Na ɗauka na sani. Wa'adin ya yi kaɗan, yanzu na gani. Ba zan ce muku zan sa a soke dokar ba, don ba na so a soke ta. Abin da zan nema shi ne a ƙara lokaci, a kuma ba ƙungiyarku tanderun gas ku riƙa biya a hankali. Amma ƙuri'a ɗaya gare ni. Ana iya kayar da ni."

Ba wanda ya tafa. Wasu ma tsaki suka ja. Ita kuwa da ta koma ta zauna, sai ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, ta sauke ajiyar zuciya har matar da ke gefenta ta juyo. Ba ta ji daɗin amsar ba, kuma har a lokacin tana ganin ya yi musu katsalandan a sana'ar da ya baro tuntuni. Amma abin da ya yi shi ya faɗa, bai ƙara ba, bai rage ba.

Aka shiga jira. Gyaran dokar ya shiga kwamiti, ya fito, ya sake komawa. Sau biyu Auta ya zo ya zauna da 'yan ƙungiya a rumfarta, a kan benci, suna yi masa ca, yana mayar musu da gardama. Ranar ƙuri'a, Mai Shayi ya ɗauko rediyonsa ya kawo rumfar, aka kewaye shi, hannuwa duk fulawa. Ana kiran sanatoci ɗaya bayan ɗaya, wannan e, wancan a'a, har ta kasa zama ta koma ɗakin kwaɓi tana murza ƙullin da ya riga ya murzu. Ihun da ta jiyo ne ya gaya mata. Gyaran ya wuce da ƙyar. Lokacin da aka ƙara bai kai wanda ya nema ba, amma maganar tanderu ta hannun ƙungiya ta tabbata.

Mai Shayi ya leƙo, yana goge zufa da gefen riga.

"Yayar Sanata, ɗanki dai... ba laifi."

"Ran taro ka ce ba shi da kunya," ta ce.

"Ai yau ma ban ce yana da ita ba."

Da tanderun suka fara isowa, shugaban ƙungiya ya so a fara da ita. Ta ƙi, ta ce a bi layi. Nata ya zo can wajen ƙarshe, ƙaton akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi da agogon zafi, sai da aka fasa ƙofar ɗaki kafin ya shiga. Gashin farko ya fito fari fat kamar bai ga wuta ba, na biyu ya ƙone ta ƙasa. 'Yarta ta fari, wadda ta bar aikin shago ta dawo ta kama mata, ita ta gano kan agogon. Masu saye suka yi ta ƙorafin cewa burodin ya rasa ƙamshinsa na da, suka yi suka gaji, suka ci gaba da saye.

Ranar da aka rushe tsohon tanderun, mijinta ne ya kasa tsayawa. Ya ce ƙura ce ta shiga masa ido, ya koma gida. Ita ta tsaya har aka kwashe bulo na ƙarshe, ta sa aka yi wa bangon farin fenti. Tarin bai tafi gaba ɗaya ba, likita ya ce abin da ya daɗe ba ya fita rana ɗaya, amma ya yi sauƙi sosai, har takan kai hantsi ba ta yi ba.

Yanzu 'yar ce ke riƙe da aikin. Ita tana zaune a rumfa kan kujerar roba, tana sa burodi a leda tana hira da masu wucewa. Ita da Auta ba su daina saɓani ba. Kwanan nan ya goyi bayan a mayar da tashar mota bayan gari, abin da take gani zai kashe cinikin layin gaba ɗaya, ta kuma aika masa da hakan ta ofishinsa, kamar kowa.

Zaɓe ya sake matsowa, an manna hotunansa a jikin turakun lantarki. Wata yamma mijinta yana zaune gefenta, ya jingina bayansa da matashi, ya tambaye ta ko wannan karon ma Autan za ta zaɓa.

"Sai na ji yadda ya yi da maganar tasha," ta ce.

Ya yi dariya har bayan ya soke shi, ta miƙe ta gyara masa matashin.