Billen Kawu a Fuskar Dodo

Shekara shida na yi ina aiki a wani shagon buga katin biki a Kankiya, kusa da tasha. Aikina shi ne in zauna gaban kwamfuta in jera sunan ango da na amarya, in zagaye su da furanni, in kuma saurari uwar amarya tana rantsuwa cewa ruwan hodar da na sa ba ruwan hoda ba ne. Idan shago ya yi shiru sai in jawo 'yar kwamfutar hannuna da alƙalaminta in zana dodanni. Tun ina firamare abin da hannuna yake so ke nan: ƙaho, fiƙa, zaƙo-zaƙon farce. A gidanmu ba wanda ya sani. Innata 'yar gidan malamai ce daga Kusada, kuma a gidansu ko tsuntsu yaro ya zana a jikin bango sai an kira shi an tambaye shi ko zai iya busa masa rai.

Muna da guruf a waya, mu masu irin wannan zanen, daga Kano, Kaduna, har da 'yan kudu. Dokarsa guda ce: ka sa aikinka, sauran su faɗa maka gaskiya ba sani ba sabo. A wata damina na shafe sati uku a kan wani dodon rijiya. Na tsugunar da shi a bakin tsohuwar rijiya, da ƙahonnin rago da dogayen hannaye har ƙasa. Na sa shi a guruf ina jiran yabo, sai aka yi mini ca. Wani ya ce hasken ya yi, amma fatar kamar sabon bokitin roba. Wanda muka fi shakka a cikinmu, wani mutumin Kaduna da ba ya yabon kowa, ya ce dodon da ya shekara ɗari a rijiya bai kamata ya fito da fatar jaririn da aka shafa wa mai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, musamman da na ga gaskiya ya faɗa.

Shi ne ya koya mini dabarar. Ya ce in ɗauki hoton wani abu na gaske mai tsufa, in shimfiɗa shi a kan zanen. Mu muna ce wa wannan shimfiɗar leya, kamar ka ɗora farar leda a kan takarda, kowace da abin da ke jikinta. Sai in yi ta rage ƙarfin hoton har ya narke cikin launin da ke ƙarƙashinsa. Na gwada ɓawon kuka, dodona ya koma bishiya mai ido. Na gwada tsohuwar jakar fata, ya koma takalmi.

Ana cikin haka aka yi suna a gidan kawuna a Kusada, muka tafi da Inna. Kawu yayanta ne, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar da ita. Yana karantar da Alƙur'ani a zaurensa, yana noma gero da wake a wata gona ta hanyar Dudunni. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. A wurin ɗaurin aure, da ya ga mai hoto ya miƙe, sai ya ɗauki butarsa ya ce zai sake alwala. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, amma ni tun ina ƙarami in na ji tarinsa a zaure sai in gyara zama.

Bayan an watse daga addu'ar suna, na same shi a bakin zaure yana feƙe alƙalamin kara. Rana ta bugi gefen fuskarsa na hagu, duk wani layi da shekaru suka ja ya fito raɗau. Ina tsugune ina gaishe shi, amma abin da ke kaina shi ne ga fatar da nake nema. Na ciro waya kamar an kira ni, na ɗan karkata ta, na danna. Bai ɗago ba. Ya tambaye ni aiki, na ce alhamdu lillahi, na mayar da wayar aljihu.

Kawu yana da bille a kuncin hagu da 'yar baka uku-uku, tsagar gidansu. Amma billensa daban ne, ya karye a tsakiya ya ɗan kauce, don wai ya zabura ne a hannun wanzami ranar da aka yi masa. Kakarmu takan ce tun yana ɗan kwana bakwai ba a sa shi abin da bai yi niyya ba. Duk Kusada an san wannan billen. Daga kansa aka daina tsaga a gidan.

Da na koma shago na yanke kuncin da goshin daga cikin hoton, na goge idon da hancin da gemun, na shimfiɗa sauran a fuskar dodo. Na ja ta ta bi ƙashin, na rage ƙarfinta, na mayar da launin kore mai duhu irin na gansakuka. Nan take dodon ya tsufa. Na ga billen da 'yar bakan sun biyo fatar, har na ɗauko magogi zan share, sai na ga sun yi kyau. A idona a lokacin layuka ne kawai da suka dace da wurin. Har inuwa na ƙara musu don su ƙara zurfi.

Guruf ya ɗauka. Wani ɗan kudu ya ce tabon da ke kuncin ya nuna dodon ya sha yaƙi. Mutumin Kaduna ya rubuta kalma biyu, "Yanzu ne," ni kuwa na yi ta karanta su kamar wasiƙar budurwa. Kaina ya kumbura, na sa hoton a sitatus, na manta ko su wa ke da lambata.

Washegari da azahar 'yar Kawu ta kira ni. Taubashiyata ce, ba ta taɓa buɗe magana da ni ba sai da tsiya. Ragon Kankiya take ce mini, ni in ce mata mai kan gwanda. Ranar ta yi sallama cikakkiya, ta tambayi lafiyar Inna. Tun daga nan na san akwai magana.

"Wa ya ba ka huskar Baba?" ta ce.

Na ce ban gane ba. Ta ce to ita ta gane, mijinta ya gane, masu kabu-kabu na bakin kasuwa sun gane, don a wayar ɗaya daga cikinsu mijin ya fara gani. Ana ta tura shi ana cewa ga Malam an sa masa ƙaho. Wasu na dariya, wasu na cewa ɗan ƙanwarsa ne ya yi, kuma ba banza ba, akwai wata a ƙasa.

Na sake buɗe hoton, kuma wallahi ban ƙara ganin dodo ba. Kawu na gani tsugune a bakin rijiya, kore, da fiƙa. Mutum talatin masu ido sun duba zanen nan sun auna haskensa da inuwarsa, ba wanda ya ga abin da mai kabu-kabu ya gani a kallo ɗaya. Ni da na tashi ina ganin billen nan, ni ne ba ni da uzuri.

Tsoro ya sa na yi wauta a kan wauta. Na cire sitatus, na goge ainihin hoton Kawu daga waya, na bi shi har kwandon shara na sake gogewa. Na goge fayil ɗin zanen gaba ɗaya da leyoyinsa, kamar wanda ke binne wuƙa. Duk wannan bai taɓa kwafin da ke yawo a wayoyin mutane ba.

Kwana huɗu na yi ba na cin abincin kirki. Duk babur da ya tsaya a ƙofar shago sai in ɗauka saƙo ne daga Kusada. Ba duka nake tsoro ba, na wuce duka, kuma Kawu bai taɓa dukan kowa ba. Inna nake tsoro ta ji. A duniya ba ta da wanda take gani da girma kamar yayan nan nata, ko sunansa ba ta faɗa. Wayarta ƙarama ce mai madannai, ba ta nuna hoto, amma mata suna shigowa gidanmu kullum, kuma kowace da babbar waya a ƙugu. Idan na dawo na ji ta amsa sallamata da sakin murya sai in ce yau ma na tsira. A rana ta biyar na ga ba zan iya ba, na hau babur da hantsi na nufi Kusada.

Gero ya yi tsawo a gefen hanya, ni kuwa ina ta shirya ƙarya ina rushewa. Na same shi shi kaɗai a zaure yana duba wani littafi. Na tsuguna daga nesa, na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Sai na faɗa masa komai, kaina a ƙasa: satar hoton, guruf ɗin, bokitin roba, duk. Ashe ya riga ya ji, gani ne bai yi ba, don ba wanda ya iya nuna masa.

"Miƙo in gani," ya ce.

Na nemo kwafin da ke cikin guruf na miƙa masa da hannu biyu. Idonsa ya yi rauni, sai da ya kai wayar dab da fuskarsa. Ya daɗe yana kallo. Ina jin kaji a tsakar gida. Daga ƙasan ido na ga ya ɗaga yatsa ya shafa kuncinsa na hagu.

"Haka nike a idonka?"

Na rantse masa ba haka ba ne. Na ce fatar kawai nake so, ban yi tunanin kowa ba. Ya maimaita a hankali, "Fatar kawai." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tambaya ko Innata ta gani, na ce a'a.

"To kada ta gani. Ba ta iya ɗaukar wanga abu."

Ya miƙo mini wayar, ya tambayi ciwon ƙafar Inna, ya sa aka ɗaura mini ɗanyen wake a bayan babur in kai mata. Bai sake tayar da maganar ba har abada. Ya kuma aika wa matan dangi cewa duk wadda ta kai wa ƙanwarsa wannan zancen ba shi ba ita, kuma ba wadda ta kai. Ni dai daga ranar ban ƙara iya zama a zaurensa fiye da gaisuwa ba.

Bayan kakar shekarar da ta biyo ya kwanta ciwo, sati biyu Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki wata tsohuwa ta yi suɓul da baka ta ce wa Inna ai ɗanta ya taɓa ɗaukar Malam hoto. Iyakar abin da ta faɗa ke nan kafin a taka mata ƙafa. Bayan mun dawo Kankiya da 'yan kwanaki, Inna ta kira ni ɗakinta da la'asar. Ba ta yi faɗan satar hoton ba, murna ma take yi. Ta ce fuskar tana ɓace mata in ta rufe ido, in nuna mata ko sau ɗaya ne.

Na ce sai na nema. Abin da nake da shi a duniya na fuskar Kawu shi ne kuncin dodo.

Na ɗauko kwafin nan, na zauna in mayar da shi mutum. Na share ƙahonnin da fiƙoƙin, na janye koren launin na dawo da na fata, na zana hula da rawani da farin gemu. Duk wannan bai ba ni wahala ba. Da na zo kan ido sai hannuna ya tsaya. Shekara talatin ina gaishe shi, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, don ba a yi. Ko ranar da na saci hoton, kansa a sunkuye yake. Na zana ido na goge ya fi sau ashirin. Ban kai shi guruf ba, ba wanda zai iya gyara mini wannan a can.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai mata a 'yar kwamfutar hannuna. Ina tsoron kada wani abu na dodon ya saura da ni ban gani ba. Ta goge hannunta a zani, ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ta ɗora yatsa a kan billen, ta bi shi a hankali har inda ya karye.

"Wanga billen nashi ne," ta ce. "Amma mutumen ban san shi ba."

Ta ƙara riƙe shi na ɗan lokaci duk da haka, yatsanta a wurin. Sannan ta miƙo mini, ta ce in ci gaba da neman na gaskiyar, wataƙila yana cikin tsohuwar wayata. Na ce to.