Fiton Ƙarshe na Mahamman

Mu duka na Allah ne, kuma kowannenmu yana kan hanyar komawa gare Shi. Ranar Talata, biyar ga watan Shawwal na shekarar 1330, da hantsi, labari ya iso mini a ƙofar masallacin unguwarmu cewa Mahamman, Sarkin Fito na Garuwa, ya riga mu gidan gaskiya. Ya haye kogin Binuwai domin ya kai wa 'yarsa Ummuhani gaisuwar Sallah, zazzaɓi ya kwantar da shi a can tsallake, bai tashi ba.

Mahamman, tun muna samari na san ka da gorar tuƙa kwalekwale a hannu. Fataken Ngaundare, da maniyyata, da masu gudu da jakar wasiƙun Jamusawa, babu wanda ya shigo garin nan daga kudu sai ta cikin kwalekwalenka. Ba ka taɓa tura jirgi ba alhali kana hangen tsohuwa tana sauri a kan yashi. In fasinja suka yi guna-guni sai ka ce, "Ruwan nan ba ya gudu, ita ce take gudu."

Na tuna wani baƙo da ya zo daga ƙasar Jamus don kawai ya ga dorina. Ka kai shi, ya ɗaga bindiga, ka dafa hannunsa ka ce wa tafinta, "Gaya masa gani ya zo yi. In ya harbe ta, me na bayansa zai gani?" Baƙon ya yi dariya ya sauke bindigar.

Abu guda ka taɓa roƙona a matsayina na limaminka: in ta Allah ta kasance, a kwantar da kai kusa da matarka Kaltuma, a maƙabartar wannan gaɓar. Na yi maka alkawari, ban san nauyinsa ba sai ranar Talata.

Kogi ya cika maƙil. Jirgin hayaƙi, wanda ba ya iya zuwa sai da cikar ruwa, yana tsaye a tsakiya, kuma Baturen tasha ya tsare kwalekwale duka don sauke kaya kafin ruwa ya janye. Na tafi da sandata na roƙi guda ɗaya. Hayatu tafinta ya sunkuyar da kai ya ce, "Modibbo, ka yi haƙuri. Ya ce a can ma akwai ƙasa."

Na juyo ina tunanin yadda zan aika wa Ummuhani ta sa a haƙa a can. Sai na ga Salmanu, mataimakinka, ya jawo jirginsa kan tudu, ya kwantar da gorarsa a kan yashi. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Al'adarku ce ta masu fito: in babbanku ya rasu, gora ba ta taɓa ruwa don kayan kowa sai an kai shi makwancinsa. Sun san bulala tana iya biyo baya, amma suka zauna.

Bature ya sauko da fushi. Salmanu ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ba tawaye muke yi ba. Ubanmu ne yake jira a tsallake. Shi bai taɓa barin kowa yana jira ba." Hayatu ya fassara. Bature ya daɗe yana duban ruwa, sannan ya ɗaga hannu ya ce a tafi.

Guda ɗaya na roƙa, amma duka suka tafi. Suka dawo da kai a tsakiyarsu, Ummuhani tana zaune a wajen ƙafafunka. Kafin la'asar muka sallace ka, muka kwantar da kai a gefen Kaltuma. Daga maƙabarta yaranka suka koma bakin jirgi, suka ci gaba da sauke kaya.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Mahamman, Ka yalwata kabarinsa, Ka haye da shi Siraɗi cikin aminci, Ka haɗa shi da Kaltuma a Aljanna. Ummuhani, 'yata, Allah Ya ba ki haƙuri, ƙofata a buɗe take gare ki. Salmanu da 'yan'uwanka masu fito, Allah Ya tsare ku a kan ruwa, Ya sa mu cika da imani. Amin.