Jirgin da Mai Jan Biro Bai Ƙarasa Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, autarka ta kira ni ta ce ka cika a asibiti bayan jinyar kwana tara. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma.

Shekara ashirin da biyu muna ofis ɗaya a gidan jarida, ina kawo labari kana gyarawa. Mai Jan Biro muke ce maka. Ranar da na rubuta sunan wani mamaci ba daidai ba, ba ka kai ni gaban edita ba. Ka gyara, ka rubuta min a gefe: "Iyalinsa za su ajiye wannan shafin." Ban sake ba.

Da ka yi ritaya, sai ka mayar da wannan idon kan ƙananan jiragen sama na roba da ake sayarwa gutsure-gutsure a kwali, mutum ya harhaɗa da gam. Ka fi son jiragen yaƙin ƙasar Sin na zamani, masu sauka a kan jirgin ruwa su naɗe fukafukai. Ba yaƙin ke burge ka ba. 'Yar ƙugiyar da ke wutsiya kake nuna min da matsefata, ka ce, "Duk gudunsa, wannan ke tsayar da shi."

Gutsattsarin kowane jirgi sun haura ɗari biyu, kuma a jikin firam ɗin robar da suke zuwa a maƙale lambar kowanne take, ba a jikinsa ba. Kai kuwa sai ka yanke su duka tun farko, ka goge, ka jera a kiret-kiret na ƙwai, kowane gurbi da lambarsa da jan biro, ka zubar da firam. Teburin cin abinci ka mamaye da su.

"Malam, yaushe sojojinka za su janye?" in ji mai ɗakinka.

"In na gama wannan. Naki ne ma."

A jirage goma sha ɗaya, shi kaɗai ka taɓa ce mata nata ne.

Ranar rasuwarka autarka ta gyara falo saboda baƙi. Don kada ko ɗaya ya ɓata, ta juye gutsattsarin duka a gwangwani ɗaya, ta fitar da kiret-kiret ɗin bola.

Mai ɗakinka ta miƙo min gwangwanin da gangar jirgin ta ce, "Kai ka zauna kusa da shi. Ƙarasa min." Mako uku na yi ina fama. Takardar bayani lamba take kira, lambobin kuma sun tafi. Wasu gutsattsarin ba su kai ƙwayar shinkafa ba, goma kamanninsu ɗaya. A ƙarshe ƙugiyar ta karye a hannuna.

Jiya na mayar mata. Ta juya shi ta ce, "Fiffike ɗaya ke nan?"

"Wanda ya manna da kansa ke nan, Yaya. Na kasa."

Ta ajiye shi a tsakiyar teburin. "To, bai gama ba. Teburin nasa ne har yanzu." A cinya ta ci abincinta.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka kamar yadda ka rufa namu, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanka, musamman auta, wadda ba ta da laifin komai, da mai ɗakinka. Allah Ya ba ta haƙurin da na kasa kai mata a hannu.